Shekarar da ke jikin kwalba: abin da tsufa ke yi wa jar giyar inabi, da abin da zafin Kaduna ke yi mata

Akwai maganar da ta zauna daram a kawunan mutane, har waɗanda ba su taɓa kusantar kwalba ba sun haddace ta: wai giyar inabi iya daɗewarta iya kyanta. Masu jawabi a wurin biki suna yi wa ango da amarya fata da ita, masu kanti kuma suna ƙara kuɗi da ita. Maganar tana da gaskiya a kan 'yan kwalabe ƙalilan, waɗanda tun a gona aka nufe su da ajiya, aka kuma ajiye su cikin sanyi da duhu. Sauran kuwa, waɗanda su ne mafi yawan abin da ake sayarwa a duniya, shekaru ba sa ƙara musu komai sai lalacewa. A gari mai zafi irin namu, tsohuwar shekara a jikin kwalba, wato shekarar da aka girbe inabin, ta fi kusa da gargaɗi.

A wani kanti da ke ƙetaren gada, wajen Barnawa, na ga wata kwalba a kanta ta sama, daf da gilashin da ranar yamma ke duka. Matoshinta ya ɗan turo kai har ya kumbura hular da ke rufe bakin, ga wani siririn zane mai danƙo ya gangaro ta wuya ya bushe a kan takardar suna. Yaron kanti ya sauko da ita da hannu biyu ya ce, "Yallaɓai, wannan ta haura shekara takwas, shi ya sa kuɗinta ya fi na sauran." Ba yaudara yake yi ba, abin da ya ji ana faɗa ne yake maimaitawa. Amma wannan busasshen zanen shaida ne cewa abin da ke ciki ya dahu tuntuni.

Na san mafi yawan masu karanta Hausa Musulmi ne, kuma hukuncin giya a Musulunci a fili yake, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta rufe ƙofar. Wannan rubutu ba kira ba ne ga kowa ya sha. Ta fuskar lafiya ma, hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa kansa tun 1988, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi da za a kira marar haɗari. Don haka zancen wai ja tana ƙara jini ko tana gyara zuciya kada ya zama hujjar kowa. Sai dai Kaduna gari ne na kowa da kowa. Akwai masu jin Hausa da ke sayenta don biki ko Kirsimeti, akwai majami'un da ke amfani da ita a teburin Ubangiji, akwai ɗaliban da ke koyon aikin otal, akwai manoman inabi. Kuma ilmin da ke cikin wannan kwalba ilmin abinci ne tsantsa, wanda ya shafi abubuwan da muke ci muke sha kullum.

A fara daga ɗan itacen. Yanzu ana noman inabi a Ƙaramar Hukumar Kudan, arewa da Zariya, don haka ba sai an je Turai ba kafin a yi wannan gwaji. Ka ɗauki baƙin inabi ƙwaya ɗaya, ka sa farce ka ɓare shi. Tsokar ciki kore-kore ce, idan ka matse ta ruwan da zai fito kusan fari ne, mai zaƙi da ɗan tsami. Yanzu ka tauna ɓawon shi kaɗai: zai rina maka yatsa da harshe, bakinka kuma ya fara bushewa. Ka fasa ƙwayar irin da haƙori, sai ɗaci da bauri su cika maka baki. Abin da ya raba jar giya da fara ke nan. Mai yin fara yana matse ruwan ya zubar da ɓawo nan take. Mai yin ja yana barin ruwa da ɓawo da iri su tsimu tare, daga 'yan kwanaki zuwa makonni uku ko huɗu, yayin da yis ke cinye sukari yana mayar da shi barasa. Kusan giram 17 na sukari a kowace lita ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa, kuma yawancin jar giya tana tsakanin kashi 12 zuwa 15. Inabin giya ya bambanta da na ci da muke gani a tire: 'ya'yansa ƙanana ne, ɓawonsa mai kauri, sukarinsa ya fi yawa. Ƙanƙantar tana da amfani, domin ita ke sa ɓawo ya yi yawa a kan ruwa.

Launin daga wani sinadari ne da ake kira antosayanin, dangin wanda ke sa zoɓo ja. Duk mai son ganin halinsa ya zuba ɗan ruwan kanwa a kofin zoɓo, zai ga jan ya mutu ya koma wani duhu mai ratsin shuɗi ko kore. Ya matsa lemon tsami, jan ya dawo. Ashe launin yana tsaye ne da ƙafar tsami. Wannan zai dawo mana idan mun zo kan tsufa.

Baurin kuma shi ne ƙashin bayan maganar gaba ɗaya, kuma sunan mai kawo shi tanin. Bahaushe ya san tanin tun kafin a raɗa masa suna a ɗakin bincike: shi ke kama baki idan an tauna goro ko an bar ganyen shayi ya daɗe a ruwan zafi, shi ne kuma majema ke nema a cikin bagaruwa. A wurin jima, tanin yana kama furotin ɗin fata ya ɗaure shi, sai fatar ta daina ruɓewa. A cikin baki ma aikinsa ke nan. Yawu yana ɗauke da wasu furotin da ke sa baki santsi, tanin ya kama su ya dunƙule su, santsin ya ɗauke, harshe ya riƙa gogar dasashi da ganɗa a bushe. Saboda haka bauri ya fi kusa da taɓawa a kan ɗanɗano, kuma yana taruwa: kurɓa ta uku ta fi ta farko kama baki. Wannan ne dalilin da ya sa giya mai yawan tanin ke laushi idan an haɗa ta da nama mai kitse irin balangu, domin tanin ya sami wani furotin da zai kama, kitse kuma ya maido da santsi. Yaji ne ke ɓata lissafin. Barasa tana ƙara wa barkono raɗaɗi, bauri kuma ya ƙara fitowa. A ganina wannan yana daga cikin dalilan da suka sa masu zaƙi marasa bauri suka fi karɓuwa a ƙasar nan, kuma bai kamata a ɗauki hakan a matsayin rashin sanin daɗi ba. Abincinmu ne ya zaɓa.

Irin inabi ya bambanta ƙwarai a nan. Cabernet Sauvignon da Syrah da Tannat da Nebbiolo masu yawan tanin ne, Pinot Noir da Gamay kuwa nasu kaɗan ne. Kuma duhun launi ba ya nuna yawan bauri: Nebbiolo na arewacin Italiya launinsa fayau ne, har ana hango yatsa ta cikin kofi, amma yana cikin mafi kama baki a duniya. Amfanin tanin a wurin ajiya shi ne yana tarar iskar oksijin ya shanye ta kafin ta kai ga sauran sinadaran da ke ba da ƙamshi.

Bayan tanin, ƙafa ta biyu da ke riƙe giya a ajiya ita ce tsami. Inabi yana da manyan sinadaran tsami biyu, tatarik, wanda shi ne ya cika tsamiya, da malik, mai kaifi irin na ɗanyen tuffa. Bayan yis ya gama aikinsa, kusan kowace jar giya tana shiga wani zagaye na biyu, inda wasu ƙwayoyin bakteriya ke mayar da malik ya koma laktik, tsamin nono, wanda ya fi taushi. Tsami ke hana ƙwayoyin ɓarna sakewa, shi ke riƙe launi, shi ke sa abin sha ya zama da rai a baki. Idan dare yana da zafi, kurangar inabi tana ƙone malik ɗinta, launin ɓawo ma ba ya kama sosai. Shi ya sa manyan gonakin inabin giya suka taru tsakanin layi na 30 da na 50 arewa da kudu da tsakiyar duniya, inda rana ke da zafi dare ke da sanyi, alhali Kaduna tana wajen layi na 10 ne. Pinot Noir mai ƙarancin tanin yana iya shekaru masu yawa a kwalba, kuma tsaminsa ne ke ɗauke da shi.

Ƙamshi ne wurin da mutane suka fi zargin masana da ƙarya, kuma ina ganin zargin bai dace ba. Harshe abubuwa biyar kawai yake rarrabewa, hanci kuwa yana da nau'in mashaƙa kusan 400. Mafi yawan abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro, dalili ke nan mai mura yake cewa miya ta yi lami. A cikin jar giya akwai ɗaruruwan sinadarai masu tashi, kuma an gano da yawansu ɗaya bayan ɗaya. Idan wani ya ce yana jin koren tattasai a Cabernet Sauvignon, ba kwatance yake yi ba: sinadarin firazin da ke cikin tattasan shi ne a cikin inabin, kuma hanci yana kama shi ko da 'yan nanogiram ne a lita guda, alhali nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Rana tana rage shi, don haka ya fi fitowa a inabin da bai gama nuna ba. A 1997 Carole Meredith da John Bowers na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna ta binciken ƙwayar halitta cewa Cabernet Sauvignon ɗa ne ga Cabernet Franc da farin inabin nan Sauvignon Blanc, kuma dukkan ukun suna da wannan koren ƙamshin. Gado ne.

Ƙamshin masoro da ake ji a Syrah, wanda mutanen Ostireliya ke kira Shiraz, masu bincike a birnin Adelaide ne suka gano tushensa a 2008. Sunansa rotundon, kuma yana cikin baƙin barkonon da ake daka wa miya a Turai da Indiya. Abin da ya fi jan hankalina a wannan bincike shi ne kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin ƙamshinsa sam, ko da an zuba da yawa. Mutum biyu za su shinshina kofi guda, wannan ya rantse akwai masoro, wancan ya rantse babu, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. A can Ostireliyan ne kuma aka tabbatar cewa gonar da ke kusa da bishiyar turare, irin wadda aka dasa a dajin Afaka, tana ba da giya mai ƙamshin man shafawa na mura, musamman idan ganyen bishiyar ya faɗa cikin inabin da aka tsinka.

Wani rukunin ƙamshin daga ganga yake zuwa. Ana yin gangar da katakon oak, a babbaka cikinta da wuta, a zuba giya ta yi watanni. Ta yankin Bordeaux na Faransa lita 225 take ci. Katakon yana sakin banilin, mai ƙamshin banila, da yujinol, wanda shi ne ainihin ƙamshin kanumfari, da ɗan ƙauri na babbaka. Katakon Amurka ya fi na Faransa ba da ƙamshin kwakwa. Sabuwar ganga tana da tsada, kuma bayan an yi amfani da ita sau uku ko huɗu ƙamshinta ya kusa ƙarewa, don haka masu yin ta araha sukan jefa ɓarɓashin katakon ne a cikin tankin ƙarfe. Wannan yana ba da ƙamshin, amma ba ya yin ɗayan aikin ganga, wato shigar da iska kaɗan-kaɗan ta jikin katako.

Takardar bayan kwalba takan lissafa 'ya'yan itatuwan Turai, su ceri da wasu ƙananan baƙaƙe da jajaye da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Ba a zuba ko ɗaya a ciki ba. Wanda ya rubuta yana kiran abin da hancinsa ya taso da shi ne. Hancin da ya tashi a Kawo ko Tudun Wada ko Sabon Tasha zai ji ɗinya, ya ji zoɓo, ya ji tsamiya da dabino da kanumfari, kuma gaskiyarsa daidai take da ta Bafaranshe. Sai dai a riƙa taka-tsantsan, domin ido yana yi wa hanci shisshigi. A 2001 masu bincike a Jami'ar Bordeaux suka rina farar giya da jan launi marar ƙamshi suka ba ɗalibai 54 masu karatun wannan fanni, ɗaliban suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. Idan launi zai iya yin haka, to tsohuwar shekara da babban farashi ma za su iya.

Yanzu sai tsufan kansa. Mutanen da, irin su Rumawa, suna ajiye giya shekaru a tulunan da aka liƙe bakinsu, kuma Kiristoci sun san ayar Luka 5:39 da ke cewa wanda ya sha tsoho ba ya marmarin sabo. Amma da aka koma zuba ta a gangunan da iska ke shiga, sai lamarin ya juye: a Turai ta tsakiyar zamani sabuwar giya ta fi tsohuwa tsada, domin kafin shekara ta zagayo ta yi tsami. Sai da aka sami kwalba mai ƙwari a Ingila wajen shekarun 1630, aka haɗa ta da matoshin ɓawon itace, sannan zuwa ƙarshen ƙarni na 18 aka yi mata siffar da za ta iya kwanciya, kafin ajiyar shekaru ta dawo. A shekarun 1860 masanin kimiyya Bafaranshe Louis Pasteur ya liƙe giya a cikin bututun gilashi, wasu cike fal, wasu da sauran iska. Waɗanda ke cike ba su sauya ba, masu iska kuwa launinsu ya juya, gwiɓa ta kwanta a ƙasa. Iskar oksijin ce ke nunar da giya, ita ce kuma ke kashe ta. Bambancin yana ga yawa da sauri. Matoshi mai kyau ɗan mitsitsi yake bari ya shiga, abin da ake aunawa da miligiram a shekara. Shi ya sa babbar kwalba mai lita ɗaya da rabi ta fi ta mililita 750 jinkirin tsufa: wuyansu kusan ɗaya ne, amma ruwan da zai raba iskar ya ninka.

Cikin wannan jinkirin abubuwa uku ke tafiya tare. Antosayanin da ke yawo shi kaɗai yana raguwa da sauri tun a shekarun farko, yana manne wa tanin suna zama sabon launi mai ɗorewa. Idan ka karkata kofi a kan farar takarda ka dubi gefen ruwan, sabuwa za ta nuna shunayya, mai 'yan shekaru ta nuna ja sosai, tsohuwa ta koma ruwan goro, wadda ta wuce lokacinta kuma ruwan ƙasa. Tanin shi ma yana sauyawa. A da ana koyar da cewa yana haɗuwa ne ya yi tsawo har nauyi ya kai shi gindin kwalba, kuma lallai wani sashe yana kwanciya, shi ne baƙin garin da ake gani a tsohuwar kwalba, wanda ba datti ba ne. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa sarƙoƙinsa suna tsinkewa suna sake ƙulluwa a cikin tsami, kuma wanda ya manne da launi ba ya kama yawu kamar da. Ko ta wace hanya, baurin yana laushi.

Na ukun shi ne wanda masu cewa "iya daɗewa iya kyau" ba sa faɗa: musaya ce. Sinadaran esta da ke ba sabuwar giya ƙamshin ɗanyen ɗan itace suna warwarewa, ba sa dawowa. A madadinsu tsami yana sakin wasu ƙamshin da ke ɗaure da sukari tun a gona, wasu sababbi kuma suna haɗuwa sannu a hankali, sai a fara jin zabibi da busasshen ɓaure, ganyen taba, jemammiyar fata, naman kaza, da ƙasar da ruwan farko ya jiƙa. Akwai mai son wannan, akwai wanda ya fi son ɗanyen ƙamshin, kuma na biyun bai yi kuskure ba. Abin lura shi ne sai da jari ake musaya. Giyar da aka yi da inabi mai ruwa-ruwa, marar tanin, marar tsami, idan ɗan ƙamshinta ya tafi babu abin da zai maye gurbinsa, sai ruwan ƙasa mai lami. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: wadda za ta jure shekara 20 tana sabuwa ma za a ji ta cike da ƙamshi, da tsami a tsaye, da bauri mai ƙarfi har ya yi yawa. Kuma ita ma tana da iyaka, tana hawa, ta tsaya a ƙololuwa na wani lokaci, ta gangaro.

Dokokin wasu yankuna sun nuna wace aka yi don jira. Ba a sayar da Barolo, wadda ake yi da Nebbiolo, sai ta yi wata 38, 18 daga ciki a katako. A Rioja ta Sifaniya ba a rubuta Gran Reserva sai bayan shekara 5, aƙalla 2 a ganga. A ɗaya gefen akwai Beaujolais Nouveau ta Faransa, wadda ake fitarwa ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba, makonni kaɗan bayan girbi, domin a shanye ta cikin watanni. A ƙasashe kamar Amurka kuwa kalmar Reserve a jikin kwalba babu dokar da ta ɗaure ta, kowa yana iya bugawa. Sunan ƙasa ma ba ya yanke hukunci. A 1976 wani ɗan kasuwa Baturen Ingila, Steven Spurrier, ya shirya gasa a Paris inda alƙalai Faransawa suka ɗanɗana ba tare da ganin suna ba, Cabernet ta Stag's Leap Wine Cellars ta 1973 daga Kalifoniya ta zo ta ɗaya a rukunin ja, gaban manyan gidajen Bordeaux. Aka ce ai na Amurka ba za su jure shekaru ba. Da aka maimaita a 2006, bayan shekara 30, Ridge Monte Bello ta 1971 ce ta zo ta ɗaya, kuma Kalifoniya ta kwashe matsayi biyar na farko.

Duk waɗannan kwalabe sun yi shekarunsu ne a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu sanyin digiri 12 zuwa 14 a ma'aunin Salshiyas, da danshi, da duhu, a kwance. A nan ne namu lissafin ya rabu da nasu. Ƙa'idar da masana sinadarai ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin sauyi. Daga 13 zuwa 33 ninki huɗu ke nan, kuma a Maris da Afrilu zafin rana a Kaduna yakan kai 35 har ya wuce. Kada wani ya ce to ai an sami gajeriyar hanya, shekara ɗaya ta yi aikin huɗu. Zafi ba ya hanzarta komai daidai wa daida: ɗanyen ƙamshi yana gudu da wuri, launi ya ƙone, sinadarin salfa da aka sa don kariya ya ƙare, alhali ƙamshin tsufa bai sami lokacin haɗuwa ba. Abin da ke fita shi ne ɗanɗanon dafaffen ɗan itace, mai nauyi, marar rai.

Kafin ma kwalbar ta iso kanti ta sha wuya. Ta zauna a kwantena a tashar Apapa cikin rana, ta hau tirela ta ratso ƙasar nan, ta kwana a sito mai rufin kwano. A kantin da ke da na'urar sanyaya ɗaki ma, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, kuma wannan hawa da sauka ya fi zafi mai tsayawa wuri ɗaya ɓarna. Ruwa yana kumbura da zafi ya tura matoshi ko ya tsattsafo ta gefensa, idan ya huce ya janye ya zuƙo iska. Hunturu kuma ya zo da nasa: iska ta bushe ƙayau, matoshin kwalbar da ke tsaye ya motse. Giyar da aka fi sani da mayar da zafi riba ita ce ta tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal, wadda a da take ratsa teku mai zafi a cikin jiragen ruwa, yanzu kuma ake dumama ta da gangan a digiri 45 zuwa 50 na aƙalla wata uku. Amma ita an ƙara mata barasa, tsaminta kuma mai ƙarfi ne ƙwarai, an gina ta ne don wuta. Jar giya ta yau da kullum ba ta da wannan garkuwar.

Ba kowane wari ba ne laifin zafi. Idan an ji warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya yi rima, wani sinadari ne da ake kira TCA, wanda masu bincike a Suwizalan suka danganta da matoshi a farkon shekarun 1980. Fumfuna ce ke haifar da shi a ɓawon itacen, kuma yakan sami mai tsada da mai araha. Wannan na cikin abin da ya sa Ostireliya da New Zealand suka koma marfin murɗawa, don haka marfin ƙarfe ba alamar ƙasƙanci ba ne. Warin bargar dawaki kuma wani yis ne na daji mai suna Brettanomyces. Sannan akwai jabu, wanda babi ne mai zaman kansa: a Disambar 2023 hukumar NAFDAC ta rufe wata kasuwa a Aba inda ake haɗa giyar bogi ana liƙa mata sunayen ƙasashen waje.

Mai saye a garin nan, shawarata gare shi ita ce ya nemi shekara mafi kusa, ya guji wadda ke bakin taga ko kusa da ƙwan fitila, ya shafa saman hular ya ji ko matoshi ya turo, ya ɗaga kwalbar ya duba ko ruwan ya sauka ƙasa da wuya. Masu zaƙin da suka cika kantuna, da yawansu ko shekara ba a rubuta musu ba, kuma masu yin su ba su nufe su da ajiya ba. Wanda aka ba kyautar kwalba mai daraja, idan ba shi da firjin da wuta ba ta yanke masa, ajiye ta a saman kabad har yaro ya gama jami'a asara ce kawai. Zancen da ake yi cewa ja ana shanta ne a "zafin ɗaki" ma ɗakin Turai ake nufi, digiri 16 zuwa 18. Ruwan inabi marar barasa da ake rabawa a bukukuwanmu kuwa ba ya cikin wannan zance ko kaɗan, domin babu barasar da za ta tsare shi. Yana da ranar lalacewa a jikinsa, kuma zafi yana mayar da launinsa ruwan ƙasa kamar yadda yake yi wa ɗan'uwansa.

Da zarar an zare matoshi, iskar da ake ba giya da miligiram ta shigo gaba ɗaya. A sa'o'in farko tana buɗe ƙamshi, shi ya sa ake juye sabuwa mai ƙarfi a wani mazubi ta ɗan sha iska. Daga nan sai gangara: barasa ta fara komawa wani sinadari mai warin tuffan da ya bugu, sannan bakteriyar Acetobacter, wadda ba ta aiki sai da iska, ta mayar da ita khal, wato ruwan tsamin da ake kira binega. Malaman fiƙihu sun lura da wannan sauyi tun ƙarnoni da dama, suka haɗu a kan cewa giyar da ta juye khal da kanta ta tsarkaka, suka saɓa a kan wadda aka juyar da gangan. A cikin firji, da bakinta a toshe, buɗaɗɗiyar kwalba takan kai kwana uku zuwa biyar. A kan tebur cikin watan Afrilu, kwana biyu sun isa hanci ya fara jin ta juya.